Ƙofofin da Ruwan Fure Ke Bi Kafin Ya Zama Zuma

Kowa ya san ƙudan zuma yana bin furanni yana tsotsar ruwa mai zaƙi, amma kaɗan ne ke tambayar yadda ruwan ya iso wurin. Shuka ce ke haɗa shi da kanta, a cikin wani ɗan kumburi da ke gindin fure, kuma ƙarfi take kashewa kafin ta fitar da ɗigo guda.

Jikin shuka ƙwayoyin halitta ne jere, kowace tana lulluɓe da siririn tantani. Tantanin nan kamar ganuwar birni yake: galibin abubuwa ba sa shiga, ba sa fita sai ta ƙofa, kuma kowace ƙofa da irin wanda take bari ya wuce. Akwai ta sukari, akwai ta ruwa, akwai kuma ta ƙwayoyin ma'adinai masu cajin lantarki, irin su fotasiyam, wato sinadarin da harafin K ke wakilta a buhun takin NPK.

Aikin yana farawa ne tun fure bai buɗe ba. Ƙwayoyin kumburin nan suna tara sitaci, sannan idan lokaci ya yi su narkar da shi ya koma sukari irin na rake. A 2014 masana a Amurka suka gano ƙofar da wannan sukari ke fita ta cikinta, wadda ake kira SWEET9. Da suka lalata ta a shukar gwaji, furen ya daina ba da ruwa. Idan sukarin ya fita, wani sinadari yana raba shi gida biyu, gulukos da furuktos. Da haka yawan abin da ya narke a waje ke ƙaruwa, shi kuwa ruwa a kullum inda narkakken abu ya fi yawa yake nufa. Sai ya biyo baya ta nasa ƙofofin, waɗanda Peter Agre ya bayyana a 1992.

Ina rawar ma'adinai? A jikin tantanin akwai famfo da ke tura ƙwayoyin haidurojin waje, wanda ke haifar da bambancin caji tsakanin ciki da waje, sama da milibolt 100. Wannan bambanci ne ke buɗe wasu ƙofofin fotasiyam ya rufe wasu. Fotasiyam ɗin da ya fita yana ƙara janyo ruwa, kuma ya fi kowane ma'adini yawa a ruwan furanni da dama. Roderick MacKinnon, wanda ya fayyace siffar irin wannan ƙofa a 1998, ya raba kyautar Nobel ta 2003 da Agre.

Manomi ma batun ya shafe shi. Ruwan furen albasa yana da fotasiyam mai yawa, kuma bincike ya nuna ƙudan zuma na ƙaurace masa idan ya samu wani furen a kusa. Masu fitar da irin albasa, kamar na Aliero a jihar Kebbi, da ƙwari suka dogara wajen ɗaukar garin fure. Auduga da wake kuwa har a wajen fure suna fitar da ruwan zaƙi; na auduga a bayan ganye yake, a kan babbar jijiya. Idan tsutsa ta fara cin ganyen, auduga tana ƙara yawansa, tururuwa su taru su far wa tsutsar.

Fari yana rage wannan ruwa, domin shukar da ke jin ƙishi ba ta da abin da za ta tura. Don haka mai lambu ya kula da ban ruwa lokacin da shuka ke fure, ya kuma guji feshin maganin ƙwari da hantsi, sa'ad da ƙudan zuma ke kiwo.