Daga masauki zuwa bakin kogin Isa

Yamai ita ce babban birnin ƙasar Nijar tun shekarar 1926. Kogin Isa ya ratsa ta, ya raba ta gida biyu. Wannan kogi ya taso daga duwatsun ƙasar Gine, ya bi ta Mali, Nijar, iyakar Benin da Nijeriya, sannan ya faɗa teku. Tsawonsa ya kai kilomita 4.180. Da Zabarmanci, « isa » na nufin kogi.

Baƙon da ya sauka a otel cikin tsakiyar Yamai yakan so ya je bakin kogi da marece. A can akwai gidajen abinci inda ake gasa kifi. Wurin ba shi da nisa, amma wanda bai san gari ba yana iya ɓata. To, yaya zai yi?

Da farko, kafin ya fita, sai ya tambayi mai karɓar baƙi sunan wurin da sunan unguwar. A Yamai, mutane sun fi sanin unguwanni da manyan gine-gine bisa ga sunayen tituna. Ya kamata ya riƙe katinsa na shaida, ya kuma rubuta sunan masaukinsa a takarda. Idan ya rikice, takardar za ta maido shi gida.

Na biyu, sai ya duba rana. Kogin yana gangarawa daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Tsakiyar birni tana kan tudu, a gabashin ruwa. Saboda haka, mai neman kogi da marece zai fuskanci wajen faɗuwar rana, ya bi gangara. Idan ya ga hanya tana ta hawa, to ya ba ruwa baya.

Babbar alamarsa ita ce gadar Kenedi, wadda aka buɗe a shekarar 1970. Kusa da ita akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama. Idan baƙo ya tsaya a bakin gada yana kallon ruwa, hanyar Yantala tana hannunsa na dama, ta Gamkalle kuma tana hagu. Duka biyun suna bin gaɓar kogi. Ba sai ya hau gada ba, don ita tana kai mutum Harobanda, ƙetaren da jami'a take.

Mai tafiya a ƙasa yana bin gefen titi. A Nijar, motoci suna bin hannun dama. Don haka, kafin ya ƙetare, sai ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu. Bakin gada yana cika da motoci da babura a lokacin tashi daga aiki.

Idan ya gaji, ko yana tare da tsoho ko ƙaramin yaro, sai ya tsayar da taksi. Taksin Yamai na haɗaka ne, yana ɗaukar mutane masu zuwa wurare dabam-dabam. Baƙo zai faɗa wa direba inda za shi, su daidaita kuɗi tun bai shiga ba. Idan kuwa tambaya zai yi a hanya, sai ya fara da gaisuwa. Da Hausa a ce « sannu », da Zabarmanci a ce « fofo ». Matambayi ba ya ɓata.

A bakin kogi, zai ga masunta cikin kwale-kwale, da masu wanki, da masu ban ruwa a garake. A gidan abinci akan sami giwan ruwa, karfasa da tarwaɗa, tare da shinkafa ko soyayyen dankali.

Amma kogi yana da sharrinsa. Cikin watannin Agusta da Satumba, ruwan sama yakan cika shi har ya hau gaɓa. A shekarar 2020, ambaliya ta rushe gidaje da yawa a Yamai. A irin wannan lokaci, dole baƙo ya tambaya ko hanya tana biyuwa. Kada ya shiga ruwa wanka, don akwai zurfi, kuma akan ga dorina. Da magariba sauro yakan yi yawa, shi ya sa riga mai dogon hannu take da amfani.

Mai hankali yakan koma masauki tun dare bai yi nisa ba. Wannan karo zai ba ruwa baya, ya hau tudu, yana bin alamomin da ya gani da zuwa.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe ne kogin Isa ya ratsa?
2. Me ya sa baƙo zai rubuta sunan masaukinsa a takarda?
3. Yaya rana take taimakon mai neman kogi a Yamai?
4. Zana hanyar da ta tashi daga makarantarku zuwa kasuwa, ka sa alamomi 3.