Kafin Ranar JAMB: Ki Haɗa Wa Ɗanki Kibod Da Linzami A Gida

Uwargida, bara ɗiyar yayata ta taso daga wani ƙauye a Kudan ta kwana gidana za ta zauna jarrabawar JAMB. Yarinya ce mai ƙoƙari, burinta ta karanci aikin jinya kamar ni. Da ta dawo da yamma ko abinci ba ta taɓa ba. Sai da na matsa mata ta ce, "Anti, na san amsoshin, amma kibiyar nan ta ƙi tsayawa inda nake so." Ranar ce ta fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, wanda yara ke kira maus.

Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, don haka duk mintin da yaro ya ɓata yana kokawa da linzami, maki ne ke zubewa. Yaranmu na Ikara da Makarfi da Kudan sun ƙware a shafa waya da yatsa, amma wannan hannun daban ne. Idan akwai tsohuwar kwamfutar tebur a gidanku ko gidan ɗan'uwa tana shan ƙura, ke ma za ki iya tayar da ita.

Ki fara duba bakin wayar kibod da ta linzami. Iri biyu ne. Mai faɗi kamar na cajar waya shi ne USB. Ki soka shi a kowace ƙofa irin tasa, gaba ko bayan akwatin kwamfutar, ko da tana kunne. Idan ya ƙi shiga, ki juya shi, kada ki danna da ƙarfi.

Na biyu zagayayye ne mai ƙananan allurai 6 a ciki, ana samun sa a tsofaffin kwamfutocin gwanjo. Launi ne jagorarki: shunayya na kibod, kore na linzami. Wannan kam sai kin kashe kwamfutar kafin ki soka, ki daidaita alluran a hankali, domin in ɗaya ta lanƙwashe aiki ya tsaya.

In marar waya kika saya, za ki ga wani ɗan ƙaramin abu a kwalin ko a ɓoye cikin gidan batir. Shi za ki soka a ƙofar USB, ki sa batir, ki kunna makunnin da ke ƙarƙashi. Shawarata dai ki sayi mai waya: ya fi araha, ba ruwanki da batir, kuma ƙananan yara ba za su ɓatar da komai ba.

Sai gwaji. Ki danna maɓallin Caps Lock. In 'yar fitila ta kama, kibod na aiki. Ki motsa linzami. In kibiya ta bi hannunki, shi ke nan. In shiru, ki canza ƙofa ko ki sake kunna kwamfutar. Linzami ba ya son gilashi ko tebur mai sheƙi, ki shimfiɗa masa bangon littafi.

Yanzu bari malamar jinya ta yi magana. Ki sa tebur ya zo daidai gwiwar hannun yaro, wuyan hannu a miƙe, tafin ƙafa a ƙasa, ko da za ki tara masa da matashi. Saman allo ya kasance daidai idonsa. Duk bayan minti 20 ya ɗauke ido ya kalli nesa. In bahago ne, ki mayar masa da linzami hagu. A wanke hannu kafin a taɓa, a nisanta kofin kunu, a rufe kibod da zane lokacin hunturu saboda ƙura.

Me zai koya? Kai kibiya kan abu, danna maɓallin hagu sau ɗaya, da murza ɗan gargaren tsakiya don sauka ƙasa. Ya kuma san inda haruffan A, B, C da D suke, domin a jarrabawar ana iya zaɓar amsa da su, N ta kai shi tambaya ta gaba, P ta mayar da shi baya. Rabin awa duk lokacin da aka kawo wuta ya isa.

Idan babu kwamfuta kusa, ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku kai yaran shagon kwamfuta a cikin gari sau biyu ko uku kafin ranar. Kada kuma a ce na maza ne kawai. Mai mafarkin shiga kwalejin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ita ma tana buƙatar wannan hannun.

Ɗiyar yayata tana wurina yanzu, tana shirin sake zama. Jiya na iske ta tana koya wa autana yadda ake riƙe linzami. Allah Ya ba yaranmu sa'a, amin.