Yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke ƙulla zumunci

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen miliyar 86. Abin mamaki, ba su manne da juna ba. Inda biyu suka gamu akwai ɗan rata, kamar kashi ɗaya cikin 50.000 na milimita, kuma ta nan saƙo ke ƙetarewa. Wannan mahaɗa ita ce masani Sherrington na Ingila ya raɗa wa suna sinas a 1897. Gani da ji da koyon baƙi da wasali, duk a kanta suka dogara.

To, wa ke gaya wa ƙwaya inda za ta kafa mahaɗa? Wasu furotin ne masu kai saƙo. A 1992 Thomas Südhof, Bajamushe mai aiki a Amirka, ya gano ɗaya da ake kira nureksin, kuma dafin wani gizo-gizo ne ya yi masa jagora. A 1995 aka gano abokin aikinsa, nuroligin. Na farko yana ɓangaren mai aika saƙo, na biyu yana ɓangaren mai karɓa. Su kan miƙo hannu ta cikin ratar su riƙe juna. A shekarar 2000 aka sa nuroligin a jikin ƙwayar da ba ta jijiya ba, sai ga jijiyoyi sun zo suna gina rabin mahaɗa a kanta. An ɗauka magana ta ƙare. Amma a 2006, a Jamus, aka samu ɓeraye da aka cire wa nuroligin iri uku: mahaɗunsu sun kafu, sai dai ba su aiki yadda ya kamata, har ƴaƴan suka mutu jim kaɗan bayan haihuwa saboda kasa numfashi. Ashe kafa mahaɗa daban, nunarta daban. Tun a 2003 masana na cibiyar Pasteur ta Paris suka samu tawaya a wannan furotin ga wasu yara masu larurar otizim, ko da yake kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu.

Akwai kuma sassabe. Ƙwaƙwalwar jariri tana ƙulla mahaɗu fiye da buƙata, sannan ta rage. A 2007 aka nuna a ɓeraye cewa wani furotin na garkuwar jiki, C1q, yana sa wa mahaɗu alama don a kawar da su. Wadda ake aiki da ita ta kan tsira.

Nan ne, a ganinmu, zancen ya shafi kowane magidanci. A shekarun 1960 Hubel da Wiesel sun rufe wa ƴaƴan kyanwa ido ɗaya na ƴan watanni. Da aka buɗe, idon lafiya lau, amma ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa. Babbar kyanwa kuwa ba ta cutu haka ba. Shi ya sa likitoci ke son a yi wa jaririn da aka haifa da yana a ido aiki cikin makonnin farko. Idan aka jira sai ya isa shiga lakwal, za a iya cire yanar, amma da wuya gani ya dawo sosai.