Ina Za A Kai Tsofaffin Tufafi A Birnin Zariya?

Kowane gida akwai tufar da aka daina sawa. Yaro ya girma, taguwa ta yi masa kaɗan. Uwargida ta sami sabon zane, ta ajiye na da cikin adaka. Maigida ya ɗinka rigar Salla, ta bara tana rataye, asu yana ci. A waje kuwa ga wani yana kwana a zaure ba bargo, hunturu yana kaɗa shi.

Ba da irin wannan tufa sadaka ce. To, amma wa za a ba?

A ƙauye abin ba wuya, gama kowa ya san kowa. A birni ba haka ba ne. Birnin Zariya babba ne. Wanda ke Ƙofar Doka bai san abin da ake ciki a Ƙofar Gayan ba. Mutumin Kwarbai ba lalle ne ya san marayun da ke Kaura ba. Sa'an nan kuma mabukaci na gaske sau da yawa ba ya roƙo, kunya tana hana shi. Saboda haka in kun shigo birni da ƙullin tufafi, ko kuwa kuna zaune a ciki, kada ku miƙa wa wanda kuka fara gamuwa da shi. Ku nemi mutumin da ya san mabukata da sunayensu, wanda kuma in kun koma gobe za ku same shi inda kuka bar shi.

WAƊANDA ZA A BA AMANA

1. Mai unguwa. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mai unguwa ya san gidan da aka yi gobara, da gidan da maigida ya rasu ya bar 'ya'ya ƙanana. Ku fara da shi.

2. Liman. Kowace unguwa tana da masallaci, liman kuwa yana ganin jama'arsa sau biyar kullum. Ya san wanda riga ɗaya ce gare shi. Baƙon da bai san kowa ba, sai ya tafi babban Masallacin Jumma'a da ke kusa da fada, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ya tambaya a nan, za a haɗa shi da wanda ya dace.

3. Malamin makarantar allo. Unguwar Juma da Kona sun shahara da karatu tun da daɗewa, almajirai kuwa suna nan ko'ina cikin birni. Ku ba malam a hannunsa, shi ya raba. In kun watsa wa yara a titi, manya za su ƙwace, ƙaramin da ya fi bukata ya tashi a banza.

4. Mata. Namiji ba ya shiga cikin gida, balle ya san wadda ba ta da zanen goyo. Ungozoma ta sani, malamar Islamiyya ma ta sani. Kayan mata da na jarirai su za a ba. Akwai kuma ƙungiyar mata Musulmi ta ƙasa, watau FOMWAN, wadda aka kafa a 1985.

5. 'Yan agaji. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962, tana da 'yan agaji masu kaki. Kuna ganinsu ran Jumma'a da ran Idi. Ku nemi shugabansu na unguwa, ku ba shi.

6. Sarakunan nakasassu. Makafi da guragu suna da sarakunansu tun zamanin da. Su ma sun san mutanensu ɗaya ɗaya.

WANDA ZA A YI HANKALI DA SHI

Wani yakan zo ƙofar gida da buhu da takarda mai hatimi, ya ce yana tara wa marayu. Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuwa jibi ku tarar da rigarku wajen 'yan gwanjo an sa mata kuɗi. Sayar da gwanjo sana'a ce, dillanci ma sana'a ce, ba laifi. Laifin shi ne a karɓa da sunan maraya a kai kasuwa.

Kada ku zage shi, kada kuma ku yi gaggawa. Ku ce ya faɗi sunansa da unguwarsu. Ku ce ya faɗi inda marayun suke. Ku karanta takardar da kanku, ko ku ba wanda ya iya. Sa'an nan ku ce masa, "Mu tafi wurin mai unguwa tare." Mai gaskiya zai bi ku da murna. Maras gaskiya sai ya ce yana sauri.

A GYARA KAFIN A BAYAR

Tsumma ba sadaka ba ne. Abin da za ka ji kunyar ganin ɗanka da shi, kada ka ba ɗan wani.

Ku wanke tufar da sabulu da ruwan zafi, ku shanya a rana ta bushe sarai, ku goge. Ƙazuwa da ƙwarƙwata suna bin tufafi daga jiki zuwa jiki, zafi kuwa yana kashe su. Inda ta yage a ɗinke, a sa maɓalli inda ya fita. Ku duba aljihu. Ku ware na maza dabam, na mata dabam, na yara dabam. Ku rubuta yawansu a takarda, ku ba mai karɓa ya gani. Bayan mako ɗaya ku koma ku gaishe shi, ku ji yadda aka raba.

Kada ku ce sai an kawo muku wanda aka ba ya yi godiya. Wanda ya ɓoye talaucinsa, a bar masa asirinsa.

YAUSHE?

Sanyi yakan tsananta a Disamba da Janairu. Saboda haka bargo da rigar sanyi a Nuwamba ake fid da su, ba bayan hunturu ya wuce ba. Kayan yara kuwa a kai tun azumi bai ƙare ba, domin maraya ya fita Idi kamar sauran yara.

TAMBAYOYI

1. Don me ba da tufa ya fi wuya a birni bisa ƙauye?
2. Wa za a ba kayan jarirai?
3. Me za ka ce wa baƙon da ya zo da buhu?
4. Rubuta tufafin da ke gidanku waɗanda aka daina sawa.