Idan ciwon ba maleriya ba ne, ba taifod ba

Mace ce daga Gabukka, a cikin garin Gombe, ta je asibiti tana kukan ciwon kai, rashin barci, da wani abu da ke yawo a jikinta. A yi mata gwajin maleriya da taifod, a rubuta magani, bayan sati biyu ta dawo da kukan jiya. Da yawa daga cikin masu irin wannan zarya ciwon damuwa ne ke cin su, sai dai ba wanda ya tambaye su abin da ke ransu.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Manyan asibitocinsu na tarayya a Arewa suna wurare kamar Kaduna, Maiduguri da Kware, kuma kunya kan hana iyali zuwa, gudun kada a ce ɗansu ya haukace. Wanda talaka ke gani shi ne likitan kowa da kowa, ko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi.

Su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta nufa da shirin mhGAP a 2008, da littafin jagoransa na 2010. Horon da shirin ke ba su na 'yan kwanaki ne. Ana koya wa likita ya tambaya: tun yaushe walwala ta ɗauke? Ta kai mako biyu? Sai tambayar da ta fi nauyi a baki, wato ko mutum ya taɓa tunanin kashe kansa. Yin ta cikin natsuwa ba ya cusa wa kowa wannan tunani. Ana kuma koyar da gane farfaɗiya, taɓin hankali da shaye-shaye, da wanda za a ba magani irin amitriptyline nan take, da wanda dole a tura gaba.

Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci gwada tsarin a Jihar Osun. A Borno ma an horar da ma'aikatan lafiya, likitocin Maiduguri na duba aikinsu. Wannan bibiyar ce ƙashin bayan abin, domin horon da ba mai waiwayarsa saurin dusashewa yake.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Gombe tana da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ya kamata gwamnatin jiha ta haɗa ƙwararrunsa da ƙananan asibitocin unguwanni, ta kuma wadata su da magani.