Me ya sa fayil ke ɓacewa a ofisoshin gwamnati, kuma me doka ta ce?

Duk wanda ya taɓa bin haƙƙinsa a ma'aikatar gwamnati ya san amsar da ta fi kowace karya gwiwa: ba a ga fayil ɗinka ba, ka dawo mako mai zuwa.

Ga ɗan fansho, hakan na nufin watanni babu garatuti. Ga mai fili, yana iya nufin wani ya riga shi samun takardar mallaka. Ga wanda ke tsare yana jiran shari'a kuwa, ɓatan fayil kan sa ya daɗe a gidan yari fiye da hukuncin laifin da ake zarginsa da shi.

Wani lokaci asarar kan zo gaba ɗaya. A watan Afrilun 2020 gobara ta tashi a ofishin Babban Akanta na Ƙasa a Abuja. A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an fasa Babbar Kotun Jihar Kano, kuma gwamnatin jihar ta ce an yi awon gaba da takardun shari'o'i, har da na tuhumar da ake yi wa tsohon gwamna Abdullahi Ganduje.

Sai dai mafi yawan takardu ba wuta ko ɓarayi ke cinye su ba. Gara ce, da yoyon rufi, da buhunan da aka jibge a sito babu wanda ya rubuta abin da ke cikinsu.

Abin da dokokin Najeriya suka tanada

Batun ba sabo ba ne. Tun a 1954 aka buɗe ofishin adana takardun gwamnati a Ibadan, bayan binciken da masanin tarihi Kenneth Dike ya yi kan halin da takardun ƙasar ke ciki. Daga baya aka buɗe rassa a Enugu da Kaduna. Reshen Kaduna ne ke riƙe da fayilolin lardunan tsohuwar Jihar Arewa da kuma rubuce-rubucen Larabci, kuma har yau masu bincike da masu rikicin sarauta ko na iyaka kan je can neman hujja.

Dokar Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa ta 1992 ta ɗora wa shugaban kowace ma'aikatar tarayya alhakin kula da takardunta. Ta buƙaci a naɗa jami'i na musamman domin wannan aiki, a kuma tsara jadawalin da zai nuna tsawon lokacin da za a riƙe kowane irin takarda. Takardun da suka kai shekara 25 ana buɗe su ga jama'a a ma'adanar.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011, ta ƙara ɗaure lamarin. Ta wajabta wa hukumomi su rubuta ayyukansu, su adana bayanan ta yadda za a iya samo su cikin sauƙi, su kuma amsa buƙatar mai neman bayani cikin kwana bakwai. Jami'in da ya lalata ko ya sauya takarda da gangan zai fuskanci ɗaurin aƙalla shekara guda.

Amma ma'aikatar da ba ta san inda fayil yake ba, ba za ta iya fito da shi cikin kwana bakwai ba, komai kyawun niyyarta.

Me tsarin kula da takardu ya ƙunsa?

Ana nufin rubutaccen shiri da ke bin takarda tun daga ranar da aka buɗe mata fayil har zuwa makomarta. Shiri mai kyau yana amsa tambayoyi kamar haka:

Wane ne zai amsa tambaya idan takarda ta ɓata? Dole a ambaci muƙaminsa, kuma ya kasance babba. Ba a ɗora wa masinja ko ƙaramin akawun rajista wannan nauyi.

Yaya ake raba takardu? Kowane fayil na da lamba da rukuni, ta yadda sabon ma'aikaci zai gano shi ko da wanda ya buɗe shi ya yi ritaya.

Wa ya ɗauki fayil, kuma yaushe? Kowane motsi daga tebur zuwa tebur sai an rubuta shi. A wannan gaɓar ce ake toshe ƙofar ɓoye fayil har sai mai shi ya ba da na goro.

Har yaushe za a riƙe shi? Takardar gayyatar taro ba ɗaya take da fayil ɗin ma'aikaci ba, wanda za a buƙace shi shekaru bayan ritaya, ko ma bayan rasuwarsa idan magada suka zo. Riƙe komai ma matsala ce, domin tarkace kan binne abin da ke da muhimmanci.

Yaya za a lalata wanda ya gama amfani? Sai da izini, kuma a bar shaidar abin da aka lalata da ranar da aka yi.

Idan gobara ko ambaliya ta auku fa? Muhimman takardu na buƙatar kwafi a wani gini daban.

Darasin Sikotland

A 2007, wani rahoto da Tom Shaw ya jagoranta kan cin zarafin yara a gidajen renon yara da makarantun kwana na Sikotland tsakanin 1950 da 1995 ya gano cewa takardu da dama sun ɓata ko an lalata su. Mutanen da suka tashi a waɗannan gidaje sun girma sun kasa samun labarin iyayensu ko hujjar abin da aka yi musu.

Hakan ya kai ga dokar 2011, wadda ta fara aiki a Janairun 2013. Ta tilasta wa hukumomin da aka lissafa su rubuta shirinsu, su miƙa wa babban mai kula da takardun ƙasar domin ya amince, su kuma riƙa sabunta shi. Dokar ta shafi har takardun 'yan kwangilar da ke yi wa hukuma aikinta. Hukumar da ta ƙi gyarawa, ana iya bayyana sunanta ga jama'a.

Muhimmin abu a nan shi ne akwai wanda ke duba shirin daga waje, ba hukuma ce ke yi wa kanta alƙalanci ba.

Kwamfuta za ta magance matsalar?

Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su rabu da aiki da takarda su koma na kwamfuta. Hakan na iya rage yawo da fayil a hannu, ya kuma nuna wanda ya buɗe shi.

Sai dai idan aka ɗauki hoton takardun da ke hargitse, hargitsin ne zai koma cikin na'ura. Akwai kuma sabuwar ɓaraka: umarnin da ake bayarwa ta WhatsApp ko ta imel ɗin mutum na kansa kan tafi da jami'in ranar da ya bar ofis. Ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu.

Kafin gyara ya zo, dabarar da ta rage wa ma'aikaci ita ce ya riƙe nasa kwafin: takardar ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma da ta ritaya. Irinsu ake nema a wajen tantance 'yan fansho. Duk takardar da ka miƙa a ofis kuma, ka nemi a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka.