Gonar Dawaki 'Yan Fansho

A karkarar da ta kewaye birnin Lexington na jihar Kentucky, duk inda ka waiga shingen katako ne da ciyawa shar da dawaki. Nan ce cibiyar kiwon dawakin tsere a Amurka, inda duƙushi ɗan shekara guda kan yi miliyoyin daloli a gwanjo. A tsakanin waɗannan gonaki na attajirai akwai wata da ba a haihuwa a cikinta, ba a kuma horar da kowa don cin kofi. Mazaunanta duka tsofaffin 'yan tsere ne. Wasu masu su ne suka kawo su da hannunsu, wasu kuwa saura ƙiris a loda su a motar mayanka aka fanso su.

Dokin tsere yakan fara gudu yana shekara 2 ko 3, kuma da yawa kafin su cika 7 jijiya ko gwiwa ta gaza. Shi kuwa doki yana iya kai shekara 25 zuwa 30 a duniya. Wanda ya yi suna sai a ajiye shi don baye. Saura su yi ta sauya hannu, daga ƙaramin fili zuwa wanda bai kai shi ba, har a wayi gari suna kasuwa irin ta New Holland a jihar Pennsylvania, wadda ke ci kowace Litinin. A can dillalan nama ba ruwansu da asalin doki ko tarihinsa, nauyinsa kawai suke kallo. Tun 2007 aka rufe mayankar dawaki ta ƙarshe a Amurka, amma cinikin bai mutu ba, sai dai hanya ta ƙara tsawo: yanzu tirela ke kwasar su zuwa Kanada da Meziko. Wajen 2012 fiye da dawaki 100,000 ke tsallaka iyaka a shekara don yanka, ko da yake adadin ya ragu sosai daga baya.

Suna ma ba ya hana wuƙa. Ferdinand ya ci gasar Kentucky Derby a 1986, aka zaɓe shi gwarzon dokin Amurka a 1987, aka sayar da shi Japan a 1994. Da 'ya'yansa suka kasa taɓuka abin kirki sai darajarsa ta faɗi, kuma binciken da ya fito a 2003 ya nuna alamar a mayanka ya ƙare. Wannan labari ya kunyata masu harkar tsere, ya kuma sa mutane suka fara buɗe bakin aljihu ga gonaki irin wannan.

A gonar, baƙon doki in ya sauka daga mota, ba a haɗa shi da kowa sai ya yi makonni a killace, don kasuwa matattarar cuta ce, musamman mai kumbura maƙogwaro da yoyon hanci. Abu na farko da ma'aikaciya za ta yi shi ne ta kama leɓensa na sama ta juya shi, ta haska tocila. A cikin leɓen akwai zanen tawada, harafi ɗaya mai nuna shekarar haihuwa, sai lambobi a bayansa. A tsohon doki tawadar ta kan dusashe, sai an goge miyau an karkata haske kafin a rarrabe 3 da 8. Waɗanda aka haifa daga 2017 kuwa 'yar na'ura ce kamar ƙwayar shinkafa aka dasa musu a wuya. Da lambar nan ake shiga kwamfuta, sai ga sunansa, da uwarsa da ubansa, da duk tseren da ya yi da kuɗin da ya ciyo. Wani ramamme da ake ƙirga haƙarƙarinsa sai a tarar ya taɓa ciyo wa mai shi dubban ɗaruruwan daloli.

Daga nan aikin gaske ke farawa, wato koya masa zaman doki. A filin tsere kusan yini da kwana yake yi a ɗaki, ana ɗura masa hatsi, abin da ya sa gyambon ciki ya yi wa dawakin tsere yawa. In aka sake shi a babban fili rana ɗaya, zai zabura da gudu har ya faɗa shinge. Don haka da ɗan ƙaramin fili ake fara masa, a cire takalman tsere daga kofatonsa, a rage hatsi a ƙara ingirici. Bai san zama cikin garke ba, sai a haɗa shi da wani dattijon dandaƙaƙƙe mai sanyin hali ya nuna masa iyakarsa. Bai san tsayawa a hau shi ba, domin yana cikin tafiya ake cilla masa mahayi. In ka ja linzami da ƙarfi, a iliminsa cewa ka yi ya ƙara wuta. Juyawa dama ma sabon darasi ne, tunda hagu filayen Amurka suke zagayawa. Wanda ƙafarsa ke da sauran lafiya, bayan watanni sai a ba da shi riƙo ga mai son kilisa ko tsallake shinge, da yarjejeniyar ba zai kai shi gwanjo ba. Wanda ya nakasa nan ne gidansa har mutuwa.

Yinin gonar da asuba yake farawa. A raba abinci, a bi kowane doki da hannu daga gwiwa zuwa kofato ana neman zafi ko kumburi. Tsofaffin da haƙoransu suka cinye, jiƙa musu abinci ake yi ya zama tamkar fate. Da hunturu sai an fasa ƙanƙarar da ta rufe ruwan sha. Mai gyaran kofato yana zuwa kamar duk mako shida. Galibin masu kwashe kashi da share barga 'yan sa-kai ne. A wasu wuraren fursunoni ke wannan aiki, tsarin da aka fara a gidan yarin Wallkill na jihar New York a 1984, inda ɗaurarre kan fita da sana'ar kula da doki a hannunsa.

Abin da ke hana masu gonar barci kuɗi ne. Fansar doki daga dillali ita ce mafi sauƙi, don sau ɗaya ake biya. Doki mai kilo 500 kuwa yana cin ciyawa kusan kilo 10 kowace rana, ga likita, ga magani, har shekara 20 nan gaba. Wasu dillalan ma sun gano tausayi haja ce: su sa hoton doki a Facebook, su ce motar mayanka za ta tashi jibi, su tsuga farashi, su sayo wasu da ribar. Shi ya sa gonar ta fi son karɓar doki kai tsaye daga filin tsere, kuma dole take mayar da wasu, don fili da aljihu suna da iyaka.

Tun 2012 masu harkar suka kafa asusun da ke tantance irin waɗannan gonaki yana tallafa musu, amma har yanzu gudummawar jama'a ce ke cike giɓi. Masu gonar na ganin nauyin ba na masu tausayi ba ne, na waɗanda suka haifar da dokin ne, suka hau shi, suka kwashi kuɗin gudunsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.